Kada a Zargi Shata, Allura Ce Ta Karkace

A ƙarshen daminar bara wani bawan Allah mai hannu da shuni ya gayyace mu gidansa a nan Minna, mu 'yan sashen Hausa, domin mu je mu ga abin da ɗansa ya aiko masa daga Amurka. Da muka shiga falo sai muka tarar garmaho ne, amma ba irin na kakanninmu mai ƙaho da ake wanawa da hannu ba. Wannan na zamani ne, farantinsa da nauyi kamar dutsen niƙa, hannunsa siriri yana ƙyalli, kuma maigidan bai ɓoye mana ba cewa kuɗinsa ya isa ya sayi mota mai lafiya. Ya ɗauko wani faifan Alhaji Mamman Shata da ya gada daga mahaifinsa, ya goge shi da gefen babbar riga, ya ɗora. Abin da ya fito daga lasifika ya sa muka dubi juna. Muryar ta yi nauyi tana jan ƙafa kamar ta wanda aka tasa daga barci, kalangu ya koma kamar ana dukan katifa, 'yan amshi kuwa sun cure wuri guda, ba ka rarrabe abin da suke faɗa. Da faifan ya ƙare, maigida ya yi murmushi ya ce, "Ai sai haƙuri, malamai. Rikodin ɗin mutanen da ke nan, ba su da kayan aiki."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan, domin kuwa ƙazafi ce. An yi wa Shata ƙazafi, an yi wa makaɗansa, an kuma yi wa injiniyan da ya ɗauki muryarsa. Ba mu bar gidan ba sai da muka ga inda gizo ke saƙa. An ɗora garmahon a kan babbar lasifika, ga shi teburin ya karkata gefe guda. Yaron gidan ya ga allura tana tsalle, sai ya ɗaure mata kwandala a ka da salatif. Uwa uba, injin an ƙera shi ne domin wutar Amurka, aka kawo shi ƙasar da wutarta ba ta tafiya da irin wancan sauri. Faifan lafiyarsa lau, mai karanta shi ne bai iya karatu ba.

Ba mu kawo labarin nan don mu yi wa mai masaukinmu dariya ba, shi da ya karrama mu. Hasali ma ya fi da yawa daga cikinmu, tunda shi ya adana faifan mahaifinsa, mu kuwa namu yara sun daɗe da yin wasan mota da su. Mun kawo shi ne domin hukuncin da ya yanke shi ne hukuncin da muke yankewa kullum a sassan Hausa, a azuzuwa da cikin kundayen digiri, ba tare da mun sani ba. Muna da ja da mutum biyu: mai cewa kuɗi ke sayen sauti mai kyau, da mai cewa garmaho ya mutu tunda komai yana cikin waya. Na uku da muke da ja da shi kuwa, mu ne da kanmu.

Faifai Kundi Ne

Bari mu fara da abin da faifai yake, domin wanda bai san haka ba zai ɗauka duk maganar gyaran garmaho shagalin masu kuɗi ce. A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya a jikin wani abu mai siffar gwangwani. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya yi rajistar na'urarsa mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe, kuma daga sunan da ya ba ta ne Bahaushe ya samo kalmar garmaho. Faifan farko da suka yaɗu ana yin su ne da wani irin ƙaro da ake samu daga jikin wani ƙwaro a Indiya, suna juyawa kimanin sau 78 a minti, kowane gefe ba ya wuce minti uku zuwa huɗu, kuma da sun faɗi sun fashe. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda gefe guda ke ɗaukar kimanin minti 20. A 1949 kamfanin RCA Victor ya biyo baya da ƙaramin faifai mai juyi 45. Kaset bai zo ba sai 1963, faifan CD kuwa sai 1982.

A kan irin waɗannan faifai ne kamfanoni, musamman EMI, suka ɗauki muryoyin makaɗanmu, irin su Shata da Ɗanmaraya Jos, aka sayar a kasuwannin Arewa, gidajen rediyo kuma suka tara nasu. A kowane gefen faifai akwai siririyar tsaga guda ɗaya tal da ta nannaɗe tun daga baki har tsakiya, wadda in da za a warware ta babban faifai za ta tasam ma rabin kilomita. Bangon tsagar nan ba santsi gare shi ba, a lanƙwashe yake daidai da yadda iska ta girgiza a ɗakin da mawaƙin ya tsaya ranar da ya yi waƙar. Wato dai rubutu ne, sai dai murya ce ta yi shi da kanta, babu magatakarda a tsakani. Allura mai kan daimon ita ce ke bin tsagar tana karantawa.

To, mu da muka tashi a hannun malaman zaure mun san darajar kundi. Mun san ba a karɓar kwafin littafi sai an yi muƙabala da asali, kuma mun san ɓarnar da jahilin mai kwafe littafi yake yi, ya tsallake layi, ya sauya wasali, na bayansa ya kwafe kuskuren ya ƙara nasa. Bambancin kawai shi ne, jahilin mai kwafe littafi yakan bar asalin lafiya. Karkatacciyar allura kuwa tana karanta ƙarya, tana kuma kankare asalin a lokaci guda. Duk sanda aka ɗora faifai a kan garmaho mai kwandala a ka, an rage wani abu daga muryar da ba za ta ƙara dawowa ba. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Babu wanda za a koma wurinsa a ce ya maimaita.

Abin Da Hausa Ke Asara

Wani zai ce, to in sauti ya ɗan dushe mene ne, ai dai ana jin waƙar. Mai wannan magana bai taɓa zama da alƙalami zai rubuta ɗiyan waƙa daga rikoda ba. Abin da ya raba baki da baƙi, ko kara da ƙara, ko sara da tsara, ko sauri da tsauri, wani ɗan taƙaitaccen sauti ne siriri da ba ya kai ƙiftawar ido. Irin waɗannan siraran sautuka su ne ke rubuce da mafi ƙanƙantar lanƙwasa a bangon tsaga, su ne kuma na farko da ke ɓacewa idan allura ta dakushe ko ta zauna a karkace. Abin ya fi muni a ƙarshen faifai. A bakin babban faifai tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kimanin santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya saurin ya ragu zuwa kimanin santimita 20, don haka rubutun ya matse, allurar da ba ta daidaita ba sai ta riƙa tuntuɓe. Shi ya sa za ka ji farkon waƙa garau, ƙarshenta kuwa kamar ana suya.

Haka kuma Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kalangu kuma da hawa da saukar sauti yake magana. Idan faranti ba ya juyawa bai ɗaya, yana sauri yana lafawa, sai murya ta riƙa hawa inda mawaƙi bai hau ba, tana sauka inda bai sauka ba. Mai nazarin rauji da karin murya da ya dogara da irin wannan sauti, ciwon injin yake nazari, yana zaton fasahar makaɗi ce.

Mun sha duba kundayen ɗalibai mu tarar da ɗan waƙa wanda ba shi da kai ba shi da gindi. In ka tambayi ɗalibin daga ina ya samo, sai ya nuna maka wayarsa. Wani ne ya turo masa, shi ma wani ya turo masa, asalin kuwa kaset ne da aka kwafa daga kaset, wanda aka kwafa daga faifai a shagon mai rikodin shekaru arba'in da suka wuce, a kan garmahon da Allah kaɗai ya san halin allurarsa. Abin takaicin bai tsaya nan ba. Maimakon ɗalibin ya ce bai ji ba, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ƙaga masa, sa'an nan ya buɗe babi ya kira shi tsohuwar Hausa, ko karin harshen Sakkwato, ko salon sarrafa harshe. Mu malamai mu sa hannu, a ɗaure kundi a kai laburare, na baya ya zo ya kafa hujja da shi. Da haka kuskuren allura yake zama ilimi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu kuwa mun bar bakin mai ita a cikin ƙura muna nazarin amsa-kuwa.

Gyara Kafin Saye

Yanzu bari mu koma kan mai cewa kuɗi ke sayen sauti. Ba mu musa cewa akwai garmaho na gari da na banza ba. Garrard 301 da Thorens TD 124 na shekarun 1950, da Technics SL-1200 da ya fito a 1972, sun yi suna ne saboda ingancin ƙira, har yau kuma ana nemansu. Abin da muke cewa shi ne, garmaho mai tsada da ba a daidaita ba, matsakaici da aka daidaita ya fi shi, nesa ba kusa ba. Kuma mafi yawan aikin daidaitawar ilimi da haƙuri yake ci, kuɗin da ake kashewa kaɗan ne.

Abu na farko shi ne mazauni. Allura ba ta san bambancin girgizar da ke cikin tsaga da girgizar da ta zo daga tebur ba, duk wadda ta same ta za ta kai lasifika. Wanda ya ɗora garmaho a kan lasifika ya sa injin yana jin muryar kansa yana maimaitawa, abin da ke jawo gurnanin nan da ke haɗiye kiɗa. Sai a nema masa wuri mai ƙarfi, nesa da lasifika, a ɗora ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a kan faranti, a yi ta gyara ƙafafu har ɗigon ya tsaya a tsakiya ta kowace fuska.

Na biyu shi ne saurin juyi, kuma a nan ne mai masaukinmu ya faɗi. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Akwai garmaho da yawa da injinsu ke ɗaukar saurinsa daga wannan kai da komo. In ka kawo irinsa daga Amurka, taransifoma za ta rage masa ƙarfin wuta don kada ya ƙone, amma ba za ta sauya masa sauri ba, sai faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi ya koma bai kai 28 ba. Kashi ɗaya cikin shida na saurin ya tafi, shi ya sa Shata ya koma kamar mai magagin barci. Maganinsa a sauya ɗan gargaren da bel ke zagayawa a kansa zuwa na wuta mai 50, ko a nemi garmahon da ke da ma'aunin saurinsa a cikinsa, wanda bai damu da halin wutar gari ba. Haka nan janareta, wanda saurinsa ke hawa da sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa, ba abokin tafiyar irin wancan injin ba ne. Bel da ya saki a sauya shi, boris ɗin faranti a wanke a sa masa mai, sa'an nan a auna juyin, abin da ko da wayar hannu ana iya yi a yau.

Na uku shi ne nauyin allura. Kowane kan allura yana zuwa da nauyin da maƙeransa suka ƙayyade, yawanci tsakanin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannu domin wannan awo aka sa shi. Kwandala guda ta ninka wannan nauyi, ta mai da allura garma. Amma kada a ɗauka rage nauyi fiye da ƙima tausayi ne ga faifai, domin allurar da ba ta zauna daram ba takan riƙa karo da bangon tsaga tana ɓarzarsa. Ɗan sikelin da ake wannan awo da shi bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Akwai kuma wani ɗan maɓalli ko zare mai ɗauke da ƙaramin nauyi a gindin hannu, aikinsa ya hana juyin faifai jan allura zuwa tsakiya, don kada ta jingina da bango guda ta cinye shi. Yawanci akan sa shi daidai da lambar nauyin allurar.

Na huɗu shi ne zaman allura a cikin tsaga. Lokacin da ake yanka faifai, wuƙar tana tafiya ne a miƙe daga baki zuwa tsakiya, hannun garmaho kuwa a lanƙwashe yake tafiya kamar lauje. Saboda haka a wuri biyu kawai allura za ta iya fuskantar tsaga sak, a sauran wurare akwai 'yar karkata, aikin mai gyara shi ne ya rage ta iyakar iyawa. Masana lissafi sun gama wannan aiki tuntuni, Löfgren a 1938 da Baerwald a 1941, kuma lissafin da aka fi bi ya sa wuraren biyu a kimanin milimita 66 da 121 daga ƙusar tsakiya. Takarda ce guda mai zane ake ɗorawa a kan faranti, a sassauta kusoshi biyu, a gyara kan allura har ya yi daidai da zanen a wuraren nan biyu. Aikin awa guda ne ga mai natsuwa, kuma shi ne ke dawo da ƙa da tsa a ƙarshen faifai.

Na biyar, kowane faifai da allurarsa. Tsagar tsohon faifai mai juyi 78 ta fi ta faifan roba faɗi ƙwarai, kan allurarsa ya kusa ninka na roba sau huɗu. In ka sa masa siririyar allura sai ta nutse ƙasan tsaga inda babu komai sai datti, ka ji ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ka ce rikodin ɗin mutanen da ne. Allurar daimon ma tana tsufa, bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki ya kamata a duba ta ko a sauya.

Na shida, akwai ɗan akwatin da ke tsakanin garmaho da amfilifaya. Masu yanka faifai da gangan suke rage kauraran sautuka su ƙara sirara, domin tsaga ta samu wuri, kuma tun 1954 aka fara bin ƙa'ida guda a kan haka, wadda ake kira RIAA. Aikin akwatin shi ne ya mayar da kowane sauti matsayinsa. Wanda ya tsallake shi zai ji kotso da taushi sun rame sun zama gwangwani. Faifan da suka girmi wannan ƙa'ida kuwa kowane kamfani da tasa, sai mai aikin ya bincika.

Daga ƙarshe sai tsabta da ajiya, kuma mu mutanen Minna mun san abokan gabarmu. Zafin watan Maris da Afrilu yana lanƙwasa faifan roba in an jibge shi a kwance ko an bar shi kusa da taga. Ƙurar hunturu tana shiga tsaga ta zama yashi a ƙarƙashin allura, damina kuma ta kawo fumfuna. Faifai a tsaye ake jera shi cikin rigarsa, a inuwa, a wanke shi da tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje, ba a shafa shi da gefen riga. Sifirit kuwa kada ya kusanci tsohon faifan ƙaro, narkar da shi yake yi.

Sai an gama duk wannan ne maganar saye take da amfani, kuma ko a nan akwai tsari: sabuwar allura mai kyakkyawan yanka, akwatin tsakiya na gari, da abin da zai tsayar da saurin injin. Wanda ya tsallake waɗannan ya tafi sayen wayoyi masu ruwan zinari, ya sayi sirdi ne alhali dokinsa na ɗingishi.

Masu Cewa Komai Yana Cikin Waya

Waɗannan su ne suka fi yawa a cikinmu, hujjarsu kuma tana da ƙarfi, don haka ba za mu raina ta ba. Sukan ce zamani ya wuce garmaho, ɗalibi yana iya jin Bakandamiya a YouTube yana kwance a ɗakinsa, kuma a lokacin da sashe ba shi da isassun kujeru, maganar allurar daimon almubazzaranci ce.

Mun yarda da rabin maganar. Ba mu cikin masu cewa sautin faifai ya fi na kwamfuta, wannan gardamar masu sha'awa ce, ba tamu ba. Hasali ma mun yi imani cewa makomar waƙoƙin nan tana cikin kwamfuta, domin faifai yana lalacewa da kowane juyi, kwafin kwamfuta kuwa ana iya ninka shi dubu ba tare da ya ragu ba. Amma ta wace ƙofa waƙar za ta shiga kwamfutar? Ta kan allura za ta bi, babu wata hanya a hannunmu. Abin da allura ba ta karanta ba, babu na'urar da za ta dawo da shi. Manhajojin da ake yayi yanzu masu share ƙara daga tsohon sauti, in an matsa musu, sukan share har da abin da ba ƙara ba, su ɗauki kaɗawar kuntigi ko gogar kukuma a matsayin datti. Abin da ke cikin waya, mafi yawansa, jikan kaset ne da aka matse don ya yi sauƙin turawa, sau da yawa babu sunan kamfani, babu shekara, wani lokaci ma an yanke kai ko gindi. Ya isa hira, bai isa hujja ba.

Mun kuma san cewa waƙoƙin makaɗanmu da yawa ba su taɓa hawa faifai ba, suna kan zaren rikoda na gidajen rediyo, irin su gidan rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, da kuma kaset na 'yan kasuwa. Wannan ƙarin nauyi ne a kanmu, domin ƙa'idar guda ce: a nemo mafi kusa da asali, a daidaita injin da zai karanta shi, a kwafe sau ɗaya da kyau.

Wai zamani ya wuce garmaho. A 2022 an sayar da faifan roba kimanin miliyan 41 a Amurka, na CD miliyan 33, karo na farko tun 1987 da roba ta wuce CD a yawa. Amfanin wannan gare mu shi ne, saboda kasuwar ta farfaɗo, ana samun allura da bel da sikeli a yau cikin sauƙi. Sai dai ba a san gawon wannan rangwame ba. Kamfanin Shure, wanda kawunan allurarsa suka yi suna a duniya, ya daina ƙera su a 2018. A 2015 Laburaren Birtaniya ya yi shelar cewa kimanin shekara 15 suka rage a kwafe tsofaffin sautuka kafin su lalace ko injinan karanta su su ƙare. Mutanen da ke da ɗakuna masu sanyi da ƙwararrun ma'aikata ke nan suke wannan kuka. Mu da namu ke cikin kwali a ƙarƙashin gado, wace shekara muke jira?

Abin Da Muke Nema

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya, mahaɗar layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, da layin da ya taso daga Ikko. Duk wanda ya tashi a gidan tsohon ma'aikacin reluwe ko na En'e, a Limawa ko Kwangila ko Bosso, ya san akwatin faifan nan da ba a bari yara su taɓa. Masu akwatunan suna ta tafiya, magada kuma ba su san abin da suka gada ba. A cikinsu ba Hausa kaɗai ke akwai ba, akwai Nufanci irin na Hajiya Fatima Lolo, akwai kiɗan Kudu da baƙin garin suka zo da shi. Jihar da ta haifi Abubakar Imam a Kagara, wadda ke alfahari da marubutanta, bai kamata ta san darajar takarda ta jahilci darajar murya ba. Kuma abin kunya ne a ce jihar da ke da Kainji tun 1968 da Shiroro tun 1990, ga Jebba ga Zungeru, a rasa tsayayyar wutar da za ta juya faranti guda na minti ashirin. In ta gari ta ƙi, batir da faifan sola sun isa wannan ɗan aiki.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba daga gwamnati muke fara nemansa ba, daga kanmu ne. Sashen Hausa ya mallaki garmaho guda ɗaya na gari, ko da na hannu ne, da allura biyu, ta roba da ta ƙaro, a ɗaki guda mai makulli. A ɗora alhakinsa a kan mutum guda da za a horar. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan garin tun 1983 tana yaye injiniyoyin lantarki da na kanikanci, ga kuma tsofaffin masu gyaran rediyo a kasuwa waɗanda suka yi aikin garmaho da hannunsu, mu je mu roƙe su, girmanmu ba zai faɗi ba. A yi shela ga gidaje su kawo faifansu aro, a wanke, a kwafe bisa ƙa'idar da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta shimfiɗa, ba tare da matsewa ko shara ba, a ɗauki hoton tambarin faifan da lambarsa, a mayar wa mai shi da kayansa haɗe da kwafi. A ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya, a kuma kiyaye haƙƙin iyalan makaɗan, kada taskar ilimi ta zama rumfar 'yan kwafi. Sa'an nan a kafa doka a sashe: duk ɗalibin da ya rubuta ɗan waƙa a kundinsa ya faɗi daga wane faifai ko zare ya ji shi, inda bai ji ba kuma ya bar gurbi ya ce bai ji ba. Gurbi na gaskiya ya fi cikon ƙarya.

Mun koma gidan mai masaukinmu bayan mako uku, da ma'aunin magina da ɗan sikeli da takarda mai zane, da wani dattijo mai gyaran rediyo wanda ya samo gargaren da ya dace da wutarmu. Muka sauke garmahon daga kan lasifika, muka cire kwandala, muka wanke faifan. Da allura ta sauka, sai ga Shata a tsaye da muryarsa, kalangu yana amsa masa, kana jin kowane ɗan amshi da bakinsa. Maigida ya yi shiru har gefen ya ƙare, sa'an nan ya ce haka yake jin ta a ɗakin mahaifinsa yana yaro. Sai dai a waƙar ƙarshe akwai wurin da kwandala ta riga ta yi aikinta, sautin ya dushe, kuma haka zai zauna har abada.

Wannan shi ne ra'ayinmu. Wanda yake ganin mun yi zafi, ko yake da hujjar da ta fi tamu, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba. Amma kafin ya ɗauki alƙalami, muna roƙonsa ya leƙa ƙarƙashin gadon mahaifinsa ya ga abin da ya rage. Allah ya ji ƙan makaɗanmu da suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.